Tudun Yashi ta Tagar Hagu

Ranar biyu ga wata

Zuwa ga 'yata, ma'aikaciyar jirgin sama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da ke cewa mu ma muna nan gwargwadon hali. Inna tana kwance kamar yadda take tun bara, ƙafafun ba sa ɗaukarta, amma bakinta garau yake, tana cin abinci tana kuma yi mini faɗa. Ni kuwa hawan jinin ya ɗan lafa tun da na rage gishiri.

Mai yiwuwa sai kin yi tunani kafin ki tuna ni, saboda haka bari in gabatar da kaina yadda ya dace. Ni ne kawunki mai gyaran rediyo, ɗan Inna, ƙanwar kakarki. Ni da marigayiya mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, a tsakar gida ɗaya muka yi rarrafe. Rabona da ke tun kina 'yar shekara tara, da aka kawo ki hutu gidanmu na bakin ruwa kika faɗa cikin kwalekwale kika fasa haɓa. A wajen baffanki na sami adireshinki, shi ne kuma ya shaida mini cewa jirgin da kike aiki a ciki yana bi ta saman gaɓarmu sau uku a mako. Na san jirgin. Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata yake wucewa, yana sassautowa.

Dalilin wannan takarda shi ne teku yana cin ƙasarmu. Shekara huɗu ke nan da na kafa turaku goma sha biyu daga katangar gida zuwa bakin ruwa, taku biyar-biyar a tsakaninsu, ina dubawa kowace safiya ina rubutawa. Yau saura bakwai. Ofishin kula da gaɓa ya buɗe rajista: duk wanda ya sa hannu kafin ƙarshen watan nan za a ba shi ɗaki biyu a kan tudu, nesa da ruwa, bisa sharaɗin a rushe gidansa na nan. Wanda bai sa hannu ba, babu ruwan ofis da shi har abada.

Inna ta ce a ɗakin nan aka kawo ta, a ɗakin nan za a ɗauke ta. In na tayar da maganar sai ta juya fuska bango ta ƙi abinci.

Na karanta ƙasidar da ofishin ya raba, shafi goma sha shida, sau da yawa. A shafi na bakwai an bayyana cewa akwai dogon tudun yashi da ya miƙe a bakin kogi, kimanin mil uku cikin ruwa, wanda shi ke karya ƙarfin igiyar teku kafin ta iso mu. Muddin tudun yana haɗe, cin ƙasar a hankali zai ci gaba, kuma bisa lissafin turakuna gidan zai kai shekara biyar ko shida. Inna tana da tamanin da uku. Ban so rubuta waɗannan lambobi biyu kusa da juna ba, Allah ya gafarta mini, amma dole ki fahimci abin da nake aunawa. Idan kuwa tudun ya yanke, ƙasidar ta ce babbar cikar teku guda ta damina ta isa ta shafe layinmu.

Masunta sun kasa ba ni amsa ɗaya. Wannan ya ce yana nan daram, wancan ya ce ruwa na tsallake shi, kuma babu mai kusantarsa saboda igiya. Ni kaina na shiga kwalekwale sau ɗaya, na yi amai, ban ga komai ba sai kumfa. Shafi na takwas ya ce hanyar da ta fi inganci wajen sanin halin irin wannan tudu ita ce kallonsa daga sama. Ni kuwa duk duniya mutum ɗaya na sani a sama.

Roƙona shi ne ki duba mini, ki rubuto kafin ƙarshen wata: a haɗe yake ko a yanke? Na haɗo miki zanen wurin da na kwafa daga ƙasidar.

Allah ya tsare ki a tashi da sauka.

Kawunki mai gyaran rediyo

*

Ranar tara ga wata

Kawu Mai Rediyo!

Wa'alaikumus salam. Na sami takardarka, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa ko takalmi ban cire ba. Ina lafiya, in ka cire ƙafafu da ke kumbura kamar an hura su. A gaishe mini da Inna, a ce mata in ta daina yi maka faɗa ranar ce zan tsorata.

Wa zai manta da kai? Tabon haɓar yana nan, kullum sai na danne shi da hoda mai kauri, domin Babbarmu, wato shugabar ma'aikatan cikin jirgi, ba ta yarda da tabo ba. Kafin kowane tashi sai ta jera mu ta duba farce, ta duba gashi, ta duba takalmi, kamar 'yan firamare. Ranar nan ta ce da abokiyar aikina Doguwa, "Ke, murmushin nan naki na wa ya mutu ne? Gyara shi!"

Kawu, na ga alama ka ɗauka zaune muke a bakin taga muna kallon duniya. Aikin gida muke yi a sama. Mutum ɗari da ashirin, kowa da ƙishinsa da tsoronsa, mu huɗu muna tura keken abinci a 'yar hanyar da in ka yi ƙiba sai ka bi ta a karkace. Jiya wani dattijo ya riƙe mini hannu da jirgi ya ɗan girgiza, ya ce, "Yarinya, tsakani da Allah, in abin nan zai faɗi kukan gaya wa mutane?" Na ce, "Ranka ya daɗe, shayi za ka sha ko lemo?" Ya ce, "Ja'ira!" Ya sha shayin kuwa, ya yi barci.

Ga matsalar. Daidai lokacin da muke isowa gaɓarku, lokacin ne matuƙi ke kaɗa ƙararrawar shirin sauka. Daga nan minti takwas muke da shi: a kwashe kofuna, a naɗe tebura, a miƙar da kujeru, a duba bel ɗin kowa, a kulle keke a mazauninsa. Sannan in zauna a kujerata mai naɗewa a ƙofar baya ta dama, inda tagar ba ta fi gindin kofi ba, kuma tsakiyar teku take kallo. Gaɓarku tana hagu. Shekara shida ina bin hanyar nan, bai fi sau uku na gan ta da kyau ba.

Amma in ka gan ta, Kawu! Kusa da ƙasa ruwan kore ne shar, can ciki kuma baƙi. Kogi na zuba jan ruwansa a ciki ya yi nisa bai gauraya ba. Kwalekwale kamar an watsa ƙwayar shinkafa. Rufin gidaje na walƙiya ɗaya bayan ɗaya in rana ta bi ta kansu. Ranar da na fara gani sai da na tsaya riƙe da tire kamar wawiya, ban ma san wanne ne naku ba.

Zan roƙi Doguwa mu yi musayar gefe, in riƙa kwashe kofunan hagu. Zanenka yana cikin aljihun rigar aikina. Ka ba ni mako guda.

'Yarka mai fasasshiyar haɓa

*

Ranar sha bakwai ga wata

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kumburin ƙafafun ya sauka. Na taɓa karantawa a wata ƙasida ta asibiti cewa ɗora su a kan matashi biyu na tsawon rabin sa'a yana taimakawa. Inna tana amsa gaisuwa. Ta ce in gaya miki, "In ta leƙo ta ga wata tsohuwa tana shan hantsi, ni ce, ta jefo mini biskit ɗin da suke ba masu kuɗi." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ni kuwa barcina ya ragu.

Na sami takardarki ranar sha huɗu, na kuma gode da bayanin aikinki, wanda ban taɓa sanin haka yake da wuya ba. Sai dai makon da kika nema ya cika jiya. Na san takarda na cin kwana biyar ko shida a hanya, ba zarginki nake yi ba, lissafin kwanakin ne ya matse. Jami'in ofis ya sake zuwa shekaranjiya da littafin rajista a hammata. A layinmu mai gida tara, shida sun sa hannu. Saura mu, da maƙwabcina mai ɗinkin raga, da wata bazawara mai 'ya'ya uku. Su biyun sun ce abin da na yi shi za su yi, wai ni ne mai karatu. Kowace safiya Mai Raga sai ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Malam Ƙasida, 'yar sama ta yi magana?" Ban nemi wannan nauyi ba.

Duk ranar tashinku nakan fita tsakar gida in tsaya har ƙarar jirgin ta ɓace. Na san ba za ki gan ni ba.

Kalma ɗaya ta wadatar: a haɗe, ko a yanke. In takardarki ta bar hannunki kafin ashirin da uku, za ta same ni a kan lokaci.

Kawunki

*

Ranar ashirin da biyu ga wata

Kawu,

Salamu alaikum. Lafiya lau nake, matashin nan biyu ya yi aiki, likita bokan turai. A ce wa Inna biskit ɗin ba shi da daɗi, kwali ne da sukari.

Ka yi haƙuri da jinkiri, mako ne mai wuya. Doguwa ta yarda mun yi musaya. Na duba. Farin layin yana nan, daga wannan baki zuwa wancan, kamar yadda ka zana. Ka kwantar da hankalinka, komai na tafiya daidai, babu abin damuwa. Ka sha maganinka ka yi barci, kada ka kwanta ciwo ka bar Inna da wa.

Motar ma'aikata tana ƙasa tana yi mini oda, sai na sake rubutowa.

'Yarka

*

Ranar ashirin da takwas ga wata

Kawu,

Salamu alaikum. Allah ya sa kuna lafiya. Don Allah ka karanta wannan ka tashi ka tafi ofis ka sa hannu, kada ka tsaya komai. Tudun a yanke yake.

Yau an hana mu sauka nan da nan saboda wani jirgi ya tare fili, sai matuƙi ya yi ta zagaye a saman bakin kogi, ƙasa-ƙasa, ya karkata hagu. Akwai kujerar taga da babu kowa. Na durƙusa a kanta na ga komai. Yashin rawaya ne, Kawu, ba fari ba. Yana nan a gefe biyu, amma a tsakiya ya tsinke wuri biyu, ɗaya ya isa manyan kwalekwale goma su wuce a jere. Farin da ya haɗa su kumfa ne, igiya ce ke fashewa a wurin da yashi ya tafi. Sau biyu muka zagaya, sau biyu na gani.

Bari in gaya maka yadda na yi wancan dubawar, don ka san abin da na aiko maka. Tashi uku na samu a gefen hagu. Na farko gajimare ya rufe komai. Na biyu wani mutum ya yi amai a jikin maƙwabcinsa, ina goge-goge har muka sauka. Na uku ina riƙe da kofuna goma sha biyu, na sunkuya tsakanin kan mutum biyu na tsawon numfashi guda, na ga wani abu fari dogo. Shi ke nan abin da na gani. Da na zauna rubuta maka, takardarka na gabana da zancen barcinka da hawan jininka, sai hannuna ya rubuta abin da bakina ya saba. Haka aka koya mana tun ranar farko: in mutum ya tsorata, fara kwantar masa da hankali, sauran na matuƙi ne. Kullum akwai matuƙi a gaba wanda ya san gaskiyar lamari. Na manta cewa a naka babu kowa a gaba, ni ce.

Babbarmu ce ta janyo ni daga tagar da wuyan riga, ana gab da sauka ban zauna ba. Ta rubuta mini takardar gargaɗi. In ta ga dama ta rubuta goma ma.

Na ba direban motarmu wannan ya jefa a babban gidan waya don ta fi sauri. Ka gaya wa Mai Raga da matar nan. Ka ɗauki Inna ko tana zaginka.

'Yarka

*

Ranar talatin ga wata

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu dai alhamdu lillahi, kwana uku ke nan ina barci har asuba, abin da na manta yadda yake. Inna ta ci abinci sau uku jiya.

Takardarki ta ranar ashirin da biyu ta iso ranar ashirin da bakwai, kuma ban san da wane baki zan gode miki ba. Na karanta ta na gwada kalmominki da zanen shafi na bakwai: daga wannan baki zuwa wancan. Babu wata shubuha a ciki.

Yau aka rufe rajista. Jami'in ya kafa teburinsa a ƙarƙashin rumfar masunta, mutane suka taru. Da ya kira ni, na miƙe na karanta takardarki a bayyane, sau biyu, na kuma karanta shafi na takwas don a san cewa ba son rai na bi ba, hujja na bi. Ya ce, "Malam, ita wannan 'yar taka injiniya ce?" Na ce a'a, amma tana da abin da injiniyoyinsa ba su da shi, wato ido a sama sau uku a mako. Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Na roƙe ka, ka sa hannu ko don tsohuwa." Na ce don tsohuwar ce ba zan sa ba. Mai Raga ya ce, "Inda Malam Ƙasida ya tsaya nan na tsaya." Bazawarar ta dubi 'ya'yanta, sannan ta mayar wa jami'in alƙalaminsa. Ya ja layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe ya rufe littafin.

Da na koma na gaya wa Inna, ta ce, "Ashe haɓar kawai ta fasa, kan yana nan." Ta sa na buɗe mata taga don ta ji iskar ruwa. Gobe zan shafe ɗakinta da farar ƙasa, tunda zama ya tabbata.

Turke na bakwai ya faɗi ranar Talata, da wuri fiye da lissafina. Amma shafi na tara ya ce akan sami irin wannan a farkon damina, don haka ban bar shi ya dame ni ba.

Allah ya saka miki da alheri, ya ji ƙan mahaifiyarki da ta bar mana ke.

Kawunki mai godiya

*

Ranar ashirin ga sabon wata

Kawu,

Salamu alaikum. Kuna raye? Don girman Allah ka rubuto ko layi ɗaya.

Takardar godiyarka ta zo, na karanta ta a bayan gida na filin jirgi don kada a ga fuskata. Tawa ta ashirin da takwas ta iso kuwa? Sun sake buɗe littafin? Na rubuta sau biyu bayan ta, shiru. Na tambayi Baffa, ya ce ya ji a rediyo ruwa ya shiga wasu garuruwan gaɓa, ba a faɗi waɗanne ba.

Saboda gargaɗin nan an cire ni daga hanyarku, an mayar da ni ta cikin ƙasa, inda babu komai a ƙasa sai gonaki. Na roƙi Doguwa ta duba mini layinku, ta ce, "Ke ba ki daddara ba? Ni na ga ruwa, na ga rufi, ban san na wa ba, kuma ba zan ce na sani ba."

Ina da ɗaki ɗaya da ɗan falo a saman bene kusa da filin jirgi. Kwana biyu kawai nake yi a ciki a mako. Naku ne, kai da Inna, in za ka iya kallon fuskata.

'Yarka

*

Ranar sha biyu ga watan da ya biyo baya

Zuwa ga 'yata,

Wa'alaikumus salam. Muna raye. Ki gafarta mini shirun, sai yanzu na sami natsuwar rubutu yadda ya kamata. Lafiyata da sauƙi. Inna ta rame, kuma ta sami gyambo a baya saboda kwanciya a kan benci. Daga ajin makarantar firamare nake rubuto miki, inda muke zaune tare da wasu iyalai, an raba tsakaninmu da zannuwa.

Takardarki ta ashirin da takwas ta iso ranar huɗu, kwana huɗu bayan rufe rajista. Na tafi ofis a ranar, da farar ƙasa a hannuna ban wanke ba. Jami'in ya karanta ta a tsanake, ya ce, "Malam, wacce zan ɗauka, ta farko ko ta biyu?" Ba da izgili ya faɗa ba. Ya nuna mini cewa littafin ya riga ya tafi babban ofis, ɗakunan kuma an rarraba su duka. Sau shida na koma.

Na gaya wa Mai Raga da bazawarar a ranar, na karanta musu takardar kamar yadda na karanta ta farko. Muka cika buhuna da yashi muka jera a bakin katanga.

Ranar sha ɗaya ruwan ya zo, da rana tsaka, ana yayyafi. Bai zo da hayaniya ba. Na fito daga shago na tarar turaku shida duk babu, ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofar gida. Kafin in kai ɗakin Inna ya kawo gwiwa. Igiya ta uku ta kayar da katanga. Muka ɓalle ƙyauren ɗakin muka ɗora ta a kai, mu huɗu muka ɗauka, na rufe mata fuska da mayafi saboda ruwan sama. Ba a rasa rai ba a layinmu. Kafin la'asar babu gida ko ɗaya a tsaye. Na koma bayan kwana uku, ban iya nuna inda ɗakinta yake ba.

Mai Raga yana cikin waɗanda suka ɗauki ƙyauren. Tun daga ranar bai ce mini uffan ba, ko da yake zani ɗaya ne ya raba mu, ina jin tarinsa. Bazawarar ta rarraba 'ya'yanta gidajen dangi uku. Ranar da aka zo ɗaukar ƙaramar, ta tsaya a gabana ta ce, "Malam, wane shafi ne wannan?"

Game da ke, ga abin da na yanke bayan dogon tunani. Kin rubuto mini a sarari tun farko cewa minti takwas gare ki, hannuwanki cike, tagarki kamar gindin kofi. Na karanta wannan, na fahimce shi, na ajiye shi gefe domin ba shi nake so ba. Na matsa miki da kwanan wata da zancen rashin barci. Sannan na ɗauki layi huɗu da kika rubuta mota na jiranki na karanta wa jama'a kamar rahoton ofis, saboda a rubuce suke, ni kuwa duk abin da na iya a duniya daga rubutu na koye shi. Rabonki na laifin yana nan, ba zan ce babu ba. Nawa ya fi yawa.

Inna ba ta san gidan ya tafi ba. Mayafin yana fuskarta lokacin da muka wuce ta kan katangar da ta faɗi. Makullin ɗakinta na ɗaure a bakin zaninta, kullum sai ta shafa shi ta ce, "Ruwan bai janye ba har yanzu? Farar ƙasar nan za ta lalace." Ni kuma in ce mata saura kaɗan. Wata guda ke nan ina faɗin haka.

Shugaban makaranta ya sanar da mu cewa yara za su dawo ranar ashirin da shida, dole a ba su ajinsu. Waɗanda ke cikin littafi an kwashe su zuwa tudu. Mu ba inda za a kai mu. Saboda haka na karɓi tayinki, da kunya, da godiya. Zan gaya wa Inna asibiti za mu je a babban gari. Ban san abin da zan ce mata ba bayan mako guda, in ta ji jirage na tashi a kan rufi.

Ba mu da kaya sai jaka biyu da akwatin kayan aikina. Wani mai motar kifi ya yarda ya kawo mu ranar ashirin da biyar. Abu ɗaya nake buƙatar sani kafin nan. Kin ce ɗakin a saman bene yake, ba ki faɗi hawa na nawa ba. Inna ba ta takawa, ƙyaure kuma ba zai juya a matakala ba, goya ta zan yi, ga shi likitan da ya zo nan ya hana ni ɗaukar nauyi. Ina so in san inda zan tsaya in huta. Ki ƙirga mini matakalar tun daga bakin titi har ƙofarki, ki rubuto adadin yadda yake, ko da yana da yawa.

Kawunki